Ina Neman Jama'ar Ibada Inda Yaro Zai Yi Tambaya Ba a Hantare Shi Ba

Uwar Biyu:

Ina yi wa iyayena da 'yan'uwana sallama da fatan alheri. Shekara uku ke nan da aiki ya raba mu da dangi, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu, mace mai shekara takwas da namiji mai shekara biyar. A watan jiya na kwanta rashin lafiya na kwana shida a daidai lokacin da maigidan ya yi tafiya, kuma da na ɗauki waya domin in nemi wanda zai ɗauko mini yara daga makaranta, sai na tarar cewa duk yawan lambobin da ke cikinta babu mutum ɗaya a kusa da zan kira ba tare da na ji nauyinsa ba. Wannan abu ya fi ciwon kansa taɓa mini zuciya.

Ba haka muka fara ba. Da muka iso mun shiga wata jama'ar ibada, muka yi fiye da shekara guda muna zuwa duk mako, yaran kuma suna halartar ajin da ake yi wa ƙanana. Wata rana 'yata ta tambayi mai koyar da su ko ƙawarta ta makaranta, wadda iyayenta suke bin wani addini dabam, za ta shiga wuta. Maimakon a ba ta amsa gwargwadon hankalinta, sai aka tsayar da ita a gaban aji, aka ce irin wannan tambaya alamar raunin imani ce, kuma mai yawan cuɗanya da irin waɗancan mutane ya ji tsoron makomarsa. Yarinyar ta yi kusan wata biyu tana farkawa cikin dare da kuka. Na je na yi magana cikin ladabi, aka ce mini ni ce na sangarta ta. Daga nan muka janye, kuma a cikin mutanen da muka daɗe muna zama kafaɗa da kafaɗa da su babu wanda ya kira ya ji ko lafiya.

Tun daga lokacin a gida muke ibadarmu. Ban bar imani ba, amma na ga cewa ɗaki huɗu da mutum huɗu ba su isa su zama duniyar yaro ba. Ina so 'ya'yana su san tsofaffin da ba kakanninsu ba ne, su ga yadda ake gaishe da marar lafiya, su sami manya da za su tsawata musu da ƙauna idan ba na nan. Abin da nake nema shi ne jama'a mai sakin fuska, wadda ba ta da tsattsauran ra'ayi, inda ba za a auna imanina tun daga bakin ƙofa ba. Da gangan ban ambaci addinina ba, domin na san a cikinmu akwai Musulmi da Kirista da wasunsu, kuma ina zaton ciwon bai taƙaita ga gida ɗaya ba. Shin akwai irin wannan wuri, kuma ta yaya ake gane shi?

Tsohon Malami:

'Yata, Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma kwantar wa yarinyar nan da hankali. Kafin a fara nuna miki ƙofofi, ina so mu raba abu biyu da na ga sun cuɗe a maganarki, wato aƙida da tsanani. Addinin da ba shi da aƙida ko kaɗan gini ne ba harsashi, kuma ba na jin shi kike nema. Abin da ya cuci 'yarki shi ne mugun hali da rashin sanin yadda ake magana da yaro, kuma waɗannan ba sharaɗin imani ba ne a kowane addini da na sani.

Ni Musulmi ne, saboda haka da abin da na sani zan yi misali. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a sauƙaƙa kada a tsananta, a yi bushara kada a kore mutane. Ya kuma faɗa cewa yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan jariri, sai ya taƙaita domin kada uwar ta shiga damuwa. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. An kuma ruwaito cewa da halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa dukkan ƙasashen Musulmi bin Muwaɗɗa, littafin Imam Malik, shi Imam Malik da kansa ne ya hana, ya ce Sahabbai sun warwatsu a garuruwa, kowace jama'a kuma ta riƙe abin da ya iso mata. Mutumin da aka ba dama ya mayar da fahimtarsa doka a kan kowa ya ƙi karɓa, amma yau sai ki ga wanda bai kai ɗalibin ɗalibinsa ba yana raba wa 'yan shekara takwas masauki a lahira. Shawarata ita ce kada ki fita daga gidanki saboda ɗaki ɗaya yana yoyo.

Uba a Amurka:

Malam ya yi magana mai nauyi, amma tun da 'yar'uwarmu ta tambaya ko akwai wurin da ba a gindaya aƙida, gaskiya ita ce akwai, kuma na yi shekara biyu ina zuwa ɗaya daga ciki. A nan Amurka akwai jama'ar da ake kira Yuniteriyan Yunibasalis, wadda ta samu a 1961 bayan haɗewar wasu ɗariƙu biyu da asalinsu na Kirista ne. Ɗaya ta ginu a kan cewa Allah ɗaya ne ba uku-cikin-ɗaya ba, ɗayar kuma a kan cewa rahamar Allah za ta game kowa a ƙarshe. Hedikwatarsu tana Boston, kuma suna da majami'u kusan dubu. Suna alfahari da dokar Torda ta 1568 a yankin Transilbaniya, wanda yanzu yake cikin Romaniya, dokar da ta ce imani baiwa ce daga Allah, don haka kada a ci zarafin mai wa'azi saboda abin da ya fahimta.

A yau ba a tambayar mai shiga abin da ya yi imani da shi. A benci ɗaya za ka ga wanda ya tashi a cikin Yahudanci, da Kirista, da mai bin koyarwar Buddha, da wanda ma bai yarda da samuwar Allah ba. Abin da ya haɗa su alkawari ne na yadda za su zauna da juna. Suna buɗe taro da kunna wuta a cikin wani kofi mai ƙafa, a yi waƙa, a saurari jawabi, a ba mutane dama su faɗi farin cikinsu da damuwarsu ta wannan mako. A ajin yara ana koyar da labarin addinai daban-daban, har akan kai manyan cikinsu ziyara masallaci da majami'a da wurin ibadar Yahudawa, kuma idan yaro ya kai shekarun balaga akan ba shi dama ya rubuta abin da shi kansa ya gaskata, ya karanta a gaban jama'a. Tambayar da 'yarki ta yi, da a can ta yi ta, da yaba mata za a yi. Ba ina kiran kowa zuwa gare su ba ne, ina dai amsa tambayar da aka yi.

Kakar Yara:

Ɗana, ka yi haƙuri da maganar tsohuwa, amma abin da ka siffanta ya fi kama da ƙungiyar mutanen kirki da ke haɗuwa ranar hutu. Idan kowa yana da tasa gaskiyar, to wa ake fuskanta idan an sunkuyar da kai? Yaro ɗan shekara biyar bai isa ya zaɓi abin da zai gaskata ba, kamar yadda bai isa ya zaɓi harshen da za a fara yi masa magana da shi ba. Ana ba shi abu ne ya riƙe, idan ya girma ya duba abin da ke hannunsa.

Mazauniyar Ingila:

Ina so in ƙara wani misali da ya bambanta da na ɗan'uwanmu na Amurka. Maƙwabciyata ta taɓa gayyata ta taron mutanen da ake kira Kweka, waɗanda su kansu suke kiran kansu Jama'ar Abokai. George Fox ne ya assasa tafiyar a nan Ingila wajen 1652, bisa fahimtar cewa kowane mutum yana iya jin kiran Allah a zuciyarsa ba tare da wani ya tsaya tsakani ba. A taronsu na nan babu limami, babu huɗuba, babu waƙa. Ana zama ne a kewaye cikin shiru na kimanin awa ɗaya, wanda ya ji an motsa zuciyarsa ya tashi ya faɗi 'yan kalmomi ya zauna, wani lokaci kuma a tashi babu wanda ya ce uffan. Yara sukan zauna tare da manya na ɗan taƙaitaccen lokaci a farko ko a ƙarshe, sauran lokacin suna ɗakinsu. Ba sa kaɗa ƙuri'a a kan al'amuransu, sai dai a yi ta saurare har a sami matsayar da zukata suka natsu da ita. An san su da ƙin yaƙi, kuma a 1947 ƙungiyoyinsu biyu na agaji, ta Birtaniya da ta Amurka, suka karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Na ji daɗin shirun ƙwarai, amma ɗana ya ce mini gara a kai shi wurin likitan haƙori, kuma a ɗakin da na je mafi yawan mahalarta sun haifi iyayena. Abin da na fi so ki lura da shi, 'yar'uwa, shi ne suna ba ya gaya miki abin da ke bayan ƙofa. Ƙasar da ta fi kowace yawan Kweka a duniya ita ce Kenya, inda 'yan mishan suka sauka a Kaimosi a 1902, kuma a can mafi yawan majami'unsu suna da fasto da wa'azi da waƙoƙi da koyarwa tsayayya. Suna ɗaya ne, amma zama biyu ne mabambanta. Haka abin yake a kowace ɗariƙa da kowace mazhaba: masallatai biyu ko majami'u biyu masu allo iri ɗaya a ƙofa suna iya bambanta kamar dare da rana, saboda halin shugaban wurin da na mutum biyar ko shida da suke riƙe da shi.

Mai Lura:

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar sakin fuska, domin a nan ne mai kaɗaici ya fi saurin faɗawa rami. Gaskiya ne shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma ƙungiyoyin da suka fi kowa cutar da mutane su ne suka fi kowa iya tarbar baƙo. Jim Jones ya fara majami'arsa a birnin Indiyanafolis a shekarun 1950, kuma abin da ya ja mutane gare shi shi ne ya haɗa baƙar fata da farar fata a benci ɗaya a lokacin da wariya take da ƙarfi, yana ciyar da matalauta, yana kula da tsofaffi. Ranar 18 ga Nuwamba, 1978, mutum fiye da 900 daga mabiyansa suka mutu a dajin Guyana, kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne. Yawancinsu ba mahaukata ba ne, iyaye ne da suka tafi neman irin abin da kike nema.

Ban kawo wannan don in tsorata ki ba, kuma na san misali ne na can ƙarshen bango. Na kawo shi ne domin in ce tarbar ranar farko ba ma'auni ba ce. Idan mutanen da ba su san ki ba suka rufe ki da ƙauna tun a mako na farko, suna kira safe da yamma, suna nuna cewa duk wanda kika sani a baya bai fahimce ki ba, to ki ja da baya kaɗan. Ki duba ko ana karanta wa jama'a lissafin kuɗin da ake tarawa. Ki duba ko akwai wanda ya isa ya ce wa shugaba ya yi kuskure, ya kuma ci gaba da zama a wurin da mutuncinsa. Fiye da komai, ki tambaye su labarin wani da ya daina zuwa, ki saurari yadda za su ambace shi. Idan suka ce Allah sarki, muna kewarsa, har yanzu mukan gaisa, to alama ce mai kyau. Idan suka ce ya ɓata, ko kuma fuska ta canza aka sauya magana, kin riga kin ga yadda za a ambace ki. Ke ma kin ɗanɗana wannan, tun da kin ce babu wanda ya kira ki bayan kin janye. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, na karanta kowace amsa fiye da sau ɗaya. Baba Malam, ka faɗi gaskiya, kuma sai da na karanta bayanin ɗan'uwanmu na Amurka na tabbatar da haka. Na ga kyawun abin da ya siffanta, amma da na ƙaddara kaina zaune a wurin, sai na ji ba zan iya ba. Ina so in yi addu'a tare da mutanen da suka yarda cewa akwai mai jin addu'ar. Ashe ba rashin aƙida nake nema ba.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba da farko saboda kunya. Ko a wancan wuri da muka bari, ni mai zuwa ce a makare in fita da wuri. Ban taɓa shiga wani aiki ba, ban taɓa zuwa gaisuwar rasuwa ko dubiya ba, kullum uzurina aiki da yara. Don haka da na ce babu wanda ya kira ni, ya kamata in ƙara da cewa ni ma ban taɓa kiran kowa ba. Wannan bai wanke abin da aka yi wa 'yata ba, amma ina tsoron kada in je sabon wuri da tsohon hali.

Ɗalibin Zamantakewa:

Yaya, wannan da kika faɗa ya taɓo wata muhawara da masana suka daɗe suna yi. A 1994 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Laurence Iannaccone, ya wallafa maƙala a kan dalilin da ya sa majami'u masu tsauri suka fi ƙarfi. Hujjarsa ita ce duk jama'ar da ba ta neman komai daga mabiyanta takan cika da masu zuwa su ɗiba ba su zuba ba, har masu ƙoƙarin su gaji. Dokoki masu nauyi kuwa sukan tace mutane, sai a bar waɗanda suka ba da kansu gaba ɗaya, shi ya sa idan ɗayansu ya kwanta ciwo sai ka ga gida ya cika. Wato ɗumin da kike nema da tsaurin da kike gudu sau da yawa daga tushe ɗaya suke fitowa.

Akwai gwajin da ya nuna haka a fili. A watan Janairu na 2013 wasu masu wasan barkwanci biyu suka buɗe Sunday Assembly a Landan, taro mai kama da na majami'a, da waƙa da jawabi da gaisawa, amma babu ambaton Allah. Cikin ƙanƙanin lokaci rassa suka bazu a birane da dama na duniya, amma bayan 'yan shekaru da yawa daga cikinsu suka rufe, domin masu aikin sa kai sun gaji, kuma babu abin da yake tayar da mutum daga gado ranar da ba ya jin zuwa. Kuma buƙatar ba ƙarama ba ce. Cibiyar bincike ta Pew ta bayyana a 2024 cewa kashi 28 cikin ɗari na manyan Amurka ba sa danganta kansu da kowane addini, alhali a 2007 kashi 16 ne, kuma mafi yawansu sun ce sun yarda da Allah ko da wani iko na sama. Birtaniya ma sai da ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018. Ina ganin abin da kike nema yana da wuyar samu saboda yana da wuyar ɗorewa.

Tsohon Malami:

Ɗana, na yarda da rabin maganarka. Gaskiya ne jama'ar da ba ta ɗora wa kowa nauyi ba ta daɗewa. Amma tsauri iri biyu ne, kuma masanin naka, idan na fahimce ka, bai hana mu rarrabe su ba. Akwai tsaurin da mutum yake yi wa kansa: ya tashi da asuba, ya fitar da hakkin matalauci daga dukiyarsa, ya je jana'izar wanda bai sani ba, ya kwana a asibiti da ɗan wani. Akwai kuma tsaurin da yake yi wa wasu: ya sa ido a kan tufafinsu, ya ƙirga kurakuransu, ya yanke musu hukuncin da na Allah ne shi kaɗai. Na farko shi ne yake gina jama'a. Na biyu yana tara mutane ne da tsoro, kuma ya fi arha, domin bai buƙaci komai daga mai yin sa ba sai harshe.

Na shekara fiye da talatin ina koyarwa, kuma mutanen da na sani da suka fi kowa tsanani a kan kansu su ne suka fi kowa sauƙi a kan jama'a. Ko a matakin manyan malamai an gane haɗarin nau'i na biyu. A watan Yuli na 2005 malamai kimanin 200 daga ƙasashe 50 suka taru a Amman ta ƙasar Jodan, suka amince da ingancin mazhabobi takwas, suka kuma haramta kafirta mabiyansu. Waɗannan ba mutane ne marasa aƙida ba. Don haka ban yarda cewa sai 'yarmu ta zaɓi tsakanin wuri mai ɗumi da ke tsorata yara da wuri mai sanyi da ba ya tsorata kowa ba.

Malamar Ajin Lahadi:

Ni Kirista ce, kuma na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da yara a majami'a, don haka zan tsaya a kan ajin yara, wanda a ganina nan ne ya kamata ki fara dubawa kafin ki saurari wa'azin manya. A cikin Markus 10:14 an rubuta cewa da almajirai suka tsawata wa masu kawo yara, Yesu ya ji haushi, ya ce a bar yara ƙanana su zo wurinsa, kada a hana su. Duk da haka na ga malamai a cikinmu da suke yin daidai abin da aka yi wa 'yarki, don haka kin yi gaskiya da kika ce ciwon bai taƙaita ga gida ɗaya ba.

Ki nemi izinin zama a bayan aji sau biyu ko uku. Wurin da ya ƙi yarda uwa ta ga abin da ake koya wa ɗanta ya riga ya ba ki amsa. Ki lura ko manya biyu ne a ɗakin ko mutum ɗaya ne shi kaɗai da yara a bayan rufaffiyar ƙofa, ki kuma tambaya ko ana bincika tarihin masu kula da yara kafin a ba su aikin, domin wannan ya shafi tsaron jikinsu, ba na zuciyarsu kaɗai ba. Ki saurari abin da malami yake yi idan yaro ya yi tambayar da ba ta cikin darasi. Sa'an nan ki je wurin shugaban da kanki, ki maimaita masa tambayar 'yarki kalma da kalma, ki ce yaya zai amsa wa mai shekara takwas. Ba lallai amsarsa ta zama wadda kike so ba, domin kowane addini yana da abin da ya ce game da lahira, kuma ba daidai ba ne ki nemi ya ɓoye shi. Abin lura shi ne ko ya ga tausayin da ke cikin tambayar. Yarinyar nan ba gardama take yi ba, tsoro take ji wa ƙawarta, kuma malamin da bai ga wannan ba bai kamata a ba shi yara ba.

Uba a Amurka:

Ina so in koma kan maganar Kaka, domin ta yi mini tambaya ban amsa ba. Dalilin da ya sa na ce shekara biyu na yi a can shi ne daga baya mun daina zuwa. Wata rana muna dawowa a mota ɗana ya ce mini, Baba, mu mene ne? Ya ce abokinsa Musulmi ne, ɗayan Katolika ne, su kuma a ajinsu kowane mako labarin wasu ake ba su. Na buɗe baki na rasa abin da zan ce. Mutanen wurin ba su yi mana komai ba sai alheri, kuma na san iyalai da suka sami natsuwa ta gaske a cikinsu, musamman ma'auratan da suka fito daga addini biyu, waɗanda ko'ina suka je sai an nemi ɗaya ya bar nasa. Ga irin waɗannan wurin rahama ne. Ni dai na gane cewa na kai ɗana kasuwa ne alhali gida yake tambaya. Har yanzu muna zumunci da mutum uku daga cikinsu, kuma ban taɓa jin sun ambace mu da sharri ba, wanda bisa ma'aunin Mai Lura ba ƙaramin abu ba ne.

Kakar Yara:

Allah ya yi maka albarka, ɗana, ba kowa ne yake dawowa ya faɗi irin wannan ba. Ke kuma 'yata, tun da kin faɗi laifinki da bakinki, ba sai na ƙara ba. Zumunta a ƙafa take. Duk inda kika zaɓa, ki ba shi wata uku kafin ki yanke hukunci, kuma a cikin wata ukun ki nemi aiki mafi ƙanƙanta ki riƙe, ko shara ce ko jera kujeru, domin a wurin aiki ake sanin mutane, ba a wurin sauraron wa'azi ba. Ki nemi tsohuwa ɗaya ki riƙa gaishe ta. Kuma kada ki jira sai kin sami malami nagari kafin a cire wa yarinyar nan tsoro. Ki zaunar da ita ki gaya mata cewa ba ta yi laifi ba da ta so ƙawarta, kuma wanda ya halicci ƙawar ya fi ta sonta.

Uwar Biyu:

Na dawo bayan mako bakwai domin in ba da labari, tun da kun ba ni lokacinku. Na ziyarci wurare uku, dukkansu a cikin addinina. Na farko babba ne mai tsari, amma da na nemi zama a bayan ajin yara sai aka ce ba a saba ba, don haka ban koma ba. A na biyu an tarbe ni da haba-haba har na ji kunya, kafin in isa gida an kira ni sau biyu, amma da na tambayi labarin wata da na san ta taɓa zuwa wurin, sai matar da nake magana da ita ta taɓe baki ta ce a bar maganar. Na tuna da Mai Lura.

Na uku ƙarami ne, ginin ma ya tsufa, kuma ranar farko mutum biyu ne kawai suka yi mini magana. Na sami shugaban bayan an tashi, na maimaita masa tambayar 'yata kamar yadda Malama ta ce. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya gaya mini abin da addininmu ya koyar ba tare da ya rage komai ba, ya ƙara da cewa hukuncin mutum ɗaya takamaimai ba a hannunsa yake ba, kuma da shi aka tambaya, da ya fara da tambayar yarinyar sunan ƙawar tata. Yanzu mako huɗu ke nan muna zuwa. Na karɓi aikin tattara littattafan yara bayan darasi, kuma ranar Laraba da ta wuce na je dubiyar wata dattijuwa da aka yi wa aikin ido, karo na farko da na yi irin wannan tun da muka bar gida. Ba komai ne ya yi mini daidai ba, akwai abubuwa biyu a wa'azin makon jiya da ban gamsu da su ba, amma na faɗa wa matar da ke kusa da ni, ta ce ita ma haka, kuma babu abin da ya faru.

Matsalar da ta rage ita ce 'yata. Ƙaninta ya shige aji tun ranar farko, amma ita ta ƙi ko leƙawa, tana manne da ni a cikin manya har a tashi. Maigidana yana ganin a matsa mata sau ɗaya, idan ta shiga za ta ga babu abin tsoro. Ni kuma zuciyata ba ta ba ni ba.

Malamar Ajin Lahadi:

Kada ku matsa mata, 'yar'uwa, domin a gaban aji aka kunyata ta, kuma tura ta cikin aji da ƙarfi zai tabbatar mata cewa manya ba sa jin ta. Ki bar ta ta zauna kusa da ke ko da wata shida ne. Tun da ke ce mai tattara littattafai, ki ce ta taya ki bayan yara sun fita, ta yadda za ta saba da ɗakin yana fanko. Ki kuma roƙi malamar ajin ta riƙa zuwa inda kuke tana gaishe ta da sunanta, ba tare da ta ce mata ta shigo ba. Na taɓa samun yaro irin wannan, ya yi wata huɗu yana tsayawa a bakin taga, kuma ranar da ya shigo, fensir ya zo ara.